Keken Ɗinkin Baba Isiyaku

Shekara arba'in a kasuwar Wad Madani,
ƙafa kan feda, allura na bin layi,
bai taɓa tsallake ɗinki ba
ko a jallabiyar bashi.
Yau ga shi a gado na bakwai,
zuciyarsa ce ke tsallakewa.

Na ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa
yadda nas ta koya mini.
Tak. Tak-tak. Shiru.
Sai uku a guje, kamar awakin da suka tsinke turke,
sai shiru kuma.
Cikin shirun nan nake tsufa.

Ƙafafu sun kumbura, takalmin Juma'a ya ƙi shiga.
Matashi uku a bayansa,
in an zare ɗaya sai ya ce kogi ya shigo masa ƙirji,
shi da ya ƙetare Nilu da iyo
yana yaro a Mai Wurno.

Dakta Ihlas ta zana zuciya a bayan takardar magani:
"Ɗakin sama karkarwa yake, ya daina bugu,
na ƙasa kuwa ya daɗe da gajiya.
Ƙwaya ɗaya za ta ja linzami,
ɗaya ta sauke ruwa,
wannan ƙaramar ta hana jini yin gudaji.
In sun gaza, sai mu sa shi barci,
mu taɓa ta da lantarki ko ta tuna hanya."

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi:
"Lantarki? A garin da ake ɗauke wuta sau uku a yini?"

Ranar Talata suka shiga da shi.
Na zauna gun mai shayi a gindin darbejiya,
kofi ya huce a hannuna ban sani ba.
Da na koma, layin kore a allo
yana tafe daidai, kamar kalmasar bakin riga.

Ta ce yana iya dawowa. Ba ta ɓoye ba.

Yanzu miyarmu ba gishiri,
yana ci yana harara ta.
Kowace safiya sikeli, sannan ƙwayoyi, sannan mita.
Jiya na iske shi yana ɗiga wa keken mai,
ya taka a hankali, kunne a karkace,
ban san wanne yake saurare ba.

Da dare, in ya yi barci,
ina zuwa da yatsuna biyu.