Rubutun da Ba a Sha

Kakana, Malam Cindo na Ƙofar Kuyambana,
da ƙaro da gawayi yake haɗa tawada.
Ya rubuta, ya wanke allon a ƙwarya,
mai ciwo ya sha, ya yi hamdala, ya tafi.
Rubutun da ya ƙi wankuwa,
a wurinsa, ɓarnar alƙalami ne.

Ni jikarsa, a wani ɗaki a Samaru
mai fanka ɗaya, ita ma sai an roƙe ta,
an ba ni farar riga da agogo,
an ce: Tasalla, ga rubutu,
duk wanda ya wanku, ki kayar da shi.

Aikin ba wuya. Ƙyallen auduga,
in jiƙa da ruwa, in goga daƙiƙa goma sha biyar.
Wani ƙyallen in jiƙa da sinadarin nan,
ƙanen fetur, mai hawa kai tun kafin azahar,
in sake gogawa,
ba da hannun mai fushi ba,
ba da hannun mai lallashi ba,
kamar dai tsoho yana goge tabarau.

Sai in ɗaga zuwa haske.
Ɗari biyu da talatin na nan?
Alamar walƙiya fa?
"Kada a tsoma a ruwa", har yanzu yana magana?
In sa farce a gefen sitika
ko za ta ɗago kamar ɓawon albasa.

Ran Talata Barau ya zo daga Sabon Gari,
butar lantarki uku a kwali,
ɗari takwas na jiransa a shago.
Ruwa bai yi mata komai ba. Ya gyara hula.
A daƙiƙa ta tara ta ƙyalle na biyu
sifilin ya fara hawaye,
ukun ta bi shi,
walƙiyar ta koma hadari,
gargaɗin duka ya tattaro ya dawo yatsuna.

"Haba 'yar nan,
wa ke wanke buta da fetur?"

Wa?
Inna Kande ta bayan gidanmu a Tudun Jukun
da kananzir take cire maiƙo daga komai, har rediyo.
Kanikawan Kwangila da baƙin mai a hannu suke ɗora shayi.
Ga gumin bazara, ga man gyaɗa, ga sabulu.
Ƙyallena sauri kawai ya fi su:
abin da shekara biyar za ta yi a ɗakin girki
shi yake yi kafin ka gama amsa sallama.

Kuma buta ba ta tsufa a hannun wanda ya saye ta.
Za ta shiga gwanjo, ta hau akori-kura zuwa ƙauye,
kwalinta ya zama mafici,
takardar ciki a ƙunsa ƙosai.
Ranar da wani yaro zai ce bari ya ɗauraye ta a baho,
fulogi na maƙale a bango,
ba ni a wurin, ba Barau.
Ɗan rubutun nan ne kaɗai zai ce masa kul,
in yana nan.

Ya ce, "Wutar ma da sai an ga dama ake kawowa."
Na ce ita ba ta sallama in za ta dawo.

Na rubuta: bai ci ba.
Ya suri kwalinsa, ko sai an jima babu.
Ya bar buta ɗaya a kan tebur,
har yau ban sani ba, mantuwa ce ko zagi.

Da magariba na dirje hannu sau uku a bakin famfo,
warin na nan, baƙin ya shige ƙarƙashin farce.
Da cokali na ci tuwo.
Inna ta kama hannuna ta juya shi a gaban fitila,
ta daɗe tana kallo,
ta ce, "Yatsun babana."