Ƙyallen Farko

Ruwan Agusta ya tsare mu a Gangare,
Ƙanƙara na ta ƙwanƙwasa kwanon shagona,
Na rufe keke, na ce, "Ku matso nan, yara."

Su uku ne: akwai Hajjo 'yar ƙanena,
Da Kaneng ta gidan mai famfo, sai Ladiyo,
Wadda ba ta jin magana sai an ƙara.

"Ba atamfa zan ba ku ba, kar ku sa rai.
Ga buhun ƙyallaye can a bayan ƙofa,
Abin da almakashi ya ci ya bar saura."

Hajjo ta ce ita doguwar riga take so,
Mai tattara, irin wadda ta gani a Rikkos.
Na ce, "Ai da rarrafe mai gudu ya fara.

Yi hankici tukuna, kusurwa huɗu ce.
Ninka bakin sau biyu, danne da farce,
Kalmasa ke nan, sai ki bi ta da allura.

Kar ki yanko zare ya wuce kamu guda.
Dogon zare na malalaci ne, ƙulli yake,
Ki wuni kina kwancewa kina gyara."

Kaneng shiru, harshe a waje, ido a ƙasa,
Tana jera taku kamar sahun tururuwa,
Jaka take so, ta zuba canjin da ta tara.

Muka naɗe bakin jakar, muka bar hanya,
Muka ɗaure igiya a gindin fil,
Ta shige nan, ta ɓullo can, 'yar dabara.

Ladiyo kuwa rigar 'yartsana ta yanka,
Ta ɗora a cinya, hannu na yi, baki na yi,
Labarin wata akuyar Bauchi Rod mai cin shara.

Da ta miƙe don ta nuna mana aiki,
Sai rigar ta miƙe tare da siket ɗinta,
Ta ɗinke su tare, taku goma sha tara!

Dariyar Hajjo ta kai har bakin titi.
Ladiyo ta cika ta batse, ido ya kawo ruwa,
Har ya leƙo, Ɗanjuma mai gasa masara.

Na ce, "Share hawaye, zo ki ga wani abu."
Na buɗe gwangwanin maɓallai, na zaro
Wani ɗan matashi, karkatacce kamar gora.

"Ni na yi shi, ina 'yar takwas, a Dilimi.
Na cusa masa audugar tsohuwar katifa.
Gwaggo Tabawa ta juya shi, ta ce, 'A ƙara.'

Yabo ban samu ba, faɗa ma ban sha ba.
Amma shekara talatin, har ta bar duniya,
A cikinsa take soke kowace allura."

Muka bi ɗinkin da reza a hankali,
Siket ya tsira, 'yartsana ta sami riga,
Hannu ɗaya ya fi ɗaya, wa zai lura?

Ruwa ya ɗauke, wuta ma ta bi shi.
Na ɗau zare a duhun magariba,
Sau uku ina kuskure kafar allura.

Kaneng ta ce, "Kawo, Mama." Ta lasa,
Ta ɗaga wajen ƙofa inda haske ya rage,
Kafin in ce "a hankali" ta zura.

Asabar mai zuwa bargo za mu soma,
Ƙyalle da ƙyalle, ja a gefen shuɗi.
Sanyin Jos ba ya tambayar wa ya tsara.

Ladiyo ta ce ita ce da kusurwar dama.
Na ce, "Na yarda, amma a kan tebur."
Ta murguɗa baki, ta ɗau tsintsiya, ta hau shara.