Sallama Kafin Zare Waya

Tsahiru ya haɗa mini ita
a shagon ɗinkina na Mokoyo,
ɗan koren allo, bai cika tafin hannu ba,
yana rera mini har la'asar.

Wata Laraba kuran ya ɗauke,
kati ya kwana da magana a baki.
Da safe, shiru.
Waƙa ɗari uku,
har guɗar Inna Delu ranar sunan ɗana.

Yanzu akwai jan maɓalli da ɗan batir.
In danna, in ninke shaddar mutane,
fitila ta gama ƙiftawa,
sannan in zare waya.

Tsahiru ya ce daƙiƙa goma.
Ni ashirin nake ba ta.
Ko baƙo ba a rufe masa ƙofa
yana tsakiyar sallama.