Gwiwar Ƙarfe

Shekara goma sha ɗaya
bedin ƙofar garejinmu ne injina.
Mu ɗura wa tiyo rairayin Gulbi,
mu toshe bakinsa da guntun icce,
mu gasa shi har ya yi ja,
mu saƙala shi tsakanin rassa biyu,
ƙarti huɗu su rataya kamar masu jan guga.
Wata rana ya ba mu gwiwa mai kyau.
Wata rana ya tsuke, ya yi wuyan kaza,
mu yanke, mu yar,
mu ɗora wa rairayi laifi.

Na ga na kanti a Kano,
an goge shi kamar za a kai shi biki.
Na tambayi kuɗi.
Da na juya nairar zuwa sefa a kaina
sai na ce, Allah kawo kasuwa.
Amma ban tafi ba.
Na tsaya ina cinsa da ido,
ina awo da taƙi a ɓoye cikin riga,
kafin mu kai Ɗan Isa
na zane shi kaf a bayan takardar duwan.

Sauran duk tsintuwa ce.
Ƙashin bayan tirelar da ta mutu a hanyar Dakoro.
Jak mai tan ashirin, mai yoyon mai,
Barmo ya ba ni a bakin bashin walda.
Faifan tsohon injin niƙa kuwa
Mijinyawa ya ɗora a kan injinsa kwana biyu,
ya sassaƙa masa makwanci daidai kaurin tiyo,
yana yi yana cewa ba zai yi ba.

Wuta ta ɗauke sau shida a wannan makon.
Na haɗa rabi da rana,
rabi da asuba, sauro na tayi.

Ranar gwaji unguwar Bagalam ta taru ba gayyata.
Na ja hannun jak,
ƙarfe ya yi nishi,
ƙusar tsakiya ta tsinke, ta tashi,
ta huda langar shagon Arzika mai faci.
Har yau ramin na nan.
In rana ta shigo ta cikinsa
sai ya ce ga tagar da na yi masa kyauta.

Na biyu ya lanƙwasu, amma bayansa ya baje.
Tsahiru, yaron da bai fi wata tara a hannuna ba,
ya ce, maigida, a yi masa takalmi ta baya,
a shafa giris.
Na ce ya tafi ya share gareji.
Da dare na dawo ni kaɗai
na yi takalmin.
Da safe ya gani, bai ce komai ba,
sai dai tsintsiyarsa ta fi kullum ƙara.

Na uku ne ya koya mini halinsa.
Ka kai shi inda kake so, ka saki jak,
sai ya ja baya kaɗan
kamar mai ciniki da bai gama sallamawa ba.
Dole ka wuce da faɗin yatsa biyu.
Na karce wurin da ƙusa a jikin faifan,
ba lamba, ba rubutu,
ni da yaron muka san ma'anarsa.

Aikin fari, kejin motar Ɗan Jimo
mai kai aya Jibiya.
Kusurwa huɗu, kowace ƙanwar ƴar'uwarta,
ba tabon wuta, ba ƙulli.
Ya zagaya, ya buga da tafin hannu,
ya ce in rage masa jika biyu.
Ko kallon gwiwoyin bai yi ba.

Na rage masa ɗaya.

Ƙartin nan huɗu yanzu shayi suke dafawa a inuwa.
Jiya na sa hannu tsakanin rassan bedin,
inda ƙuna ta ci ɓawo har farin ƙashi.
Gefen ya fara tattarowa.