Kan Mota da Tirela

Bayan isha'i, a Yelwa ta Garwa,
mu goma sha ɗaya kan bencin yara,
gwiwoyina sun ƙi shiga ƙarƙashin tebur.
Shekara ashirin ina jan auduga zuwa Gaundare,
yau ga biro ya fi sitiyari nauyi.

Madam Bih, 'yar Bamenda, ta jero su da baki,
na rubuta yadda kunnena ya kama:
bikos, oldo, if, wen, antil.
Ta ce ƙanana ne, amma in suka hau gaban magana
sai su karya mata ƙafa,
ba ta ƙara tsayuwa ita kaɗai.
"Domin ruwa ya cinye gada." Sai me?
"Ko da yake birki ya kama." To, sai aka yi yaya?

Hajja Dudu mai atamfa ta ce, ai wannan bashi ne,
an ba da kafin alƙalami, ana jiran ciko.
Ni kuwa na ga abin da na sani.
Na ce, Madam, ƙugiya ce.
Akwai kan mota mai inji,
ya tashi shi kaɗai har Kusiri, ba ya neman kowa.
Akwai tirela, tan talatin a bayanta, taya goma sha biyu,
amma ko taku ɗaya ba ta yi sai an ja ta.
Ta ajiye alli, ta yi dariya har da tafi.
Na ce, in kuwa tirela ta riga kai,
ribas kake yi kenan.
Ta ce, shi ya sa ake ɗiga waƙafi a tsakani.
Na ce, karen mota ne, yana ɗaga hannu: dakata, zo, zo.

Daren Laraba ta juya ga allo za ta ba mu misali.
Ta rubuta da Ingilishi, Yerima ya fassara mini a kunne:
"Lokacin da aka sake buɗe makarantarmu ta Bafut,"
ta ɗiga waƙafin.
Allin ya tsaya.
Muka ji fanka tana juyawa, muka ji babur ya wuce.
Ta daɗe da bayanta gare mu,
sannan ta goge da tafin hannu, ba da tsumma ba,
ta ce mu buɗe shafi na arba'in.

Ban buɗe ba.
Ina shekara tara, babana ya taka matakalar motarsa,
ya juyo ya ce, "In na dawo daga Njamena,"
hon ɗin wani ya cinye sauran.
Keke ne? Duka ne, don na fasa madubi?
Shekara talatin da huɗu tana fake a gefen titi,
tayoyinta sun sace, ciyawa ta fito ƙarƙashinta,
ba kan da ya zo ya ja.

Madam ta kira kan mota babbar magana,
tirela ƙarama, mai jingina.
Ban yi musu ba, ita ke da alli.
Amma na san wanda ake biya kuɗi dominsa:
ba a taɓa auna kan mota a sikelin kamfani ba.

Da asuba, kafin gadar Binuwai,
na jingina littafi a sitiyari, inji na ɗumama.
Aikin gida: jimla ɗaya mai ƙugiya.
Na rubuta ta sau uku, na soke biyu:
"Ko da yake hanya ba ta da amana,
zan kawo wa Ubbo takalmin makaranta ran Juma'a."
Na duba waƙafi, yana nan.
Na sauka na zaga baya,
na jijjiga ƙugiyar da hannu biyu
kafin na sa giya.