Daren da Muka Haska Mai Fito

Na sayar da injin ban-ruwa ana tsakiyar albasa,
na bar gonata bakin Nilu tana kallon ruwa da ƙishi.
Yayata Tasalla ta karɓi adashe ba zagayenta ba,
ta ƙulle a gefen mayafi, ta ce kar maigidanta ya ji.
Alhaji Bunu mai riɗi ya ƙara nasa,
da sharaɗin a ga ƙofar shagonsa sau biyu.
An gan ta. Har jaki ya tsaya gabanta.

Kwana sha tara muna bin Baba Cindo,
mai fiton Maiwurno da jirgin inji ya ci kasuwarsa.
Kyamara ɗaya ta aro,
makirfo ɗaure a gora,
murfin kwano na tara mana hasken rana.
Kuɗin 'yan aiki kuwa, kisira da shayi,
sai alkawarin in Allah ya buɗa.

Da aka gama, ashe ba a fara ba.

Wasiƙa ta zo daga bayan teku:
suna so a bikinsu na finafinai,
amma kar wani ido ya riga nasu,
in jira baɗi, ko baɗin-baɗaɗa,
in juya maganar tsohon zuwa harsuna biyu
da kuɗin aljihuna.

Tayyib mai tura waƙoƙi a kasuwar Sinnar
bai ko ɗago kai daga wayoyinsa ba:
“Kuɗin tunkiya, sau ɗaya, shi ke nan.
Yanke inda tsohon ya yi shiru,
sa rawa a gurbin.”
Shirun nan na sayar wa injina.

Ɗan Tasalla ya ce a ɗora a intanet.
Na ce nawa ake biya?
Ya ce ai suna ne.
Suna ba ya ban-ruwa, yaro.

Ina wannan lissafi Baba Cindo ya kwanta.
Tari ya hau ƙirjinsa kamar ambaliya.
Ya aiko: yaushe zan ga kaina?

Ran Alhamis muka shafe bangon makaranta da farar ƙasa.
Ba tikiti. Kowa da abin hannunsa:
kwanon dawa, busasshen kifi, fam ɗin da ya sha gumi,
wata tsohuwa ta ajiye ƙwai uku ta wuce.
Aka kawo shi a kan gadon igiya,
mutum huɗu, a hankali, aka sa shi gaba.
Da kwalekwalensa ya fito a bango
yara suka tashi suna kiran sunansa,
shi kuwa ya ce, “Wannan tsohon bai iya riƙe sanda ba.”

Saura kwata a ƙare, janareto ya shiɗe.
Duhu. Kwaɗi. Ba wanda ya motsa.
Sai muryarsa ta taso daga gadon,
ya ba da sauran labarin da baki,
ya ƙara abin da ban ɗauka ba,
ya ambaci waɗanda ya fitar, da biyun da kogi ya riƙe.

Ban san wani yaro na ɗauka da waya ba.
Yanzu an ce ya kai Gadarif,
wata ta kira daga Makka tana kuka,
hoton a karkace, da ƙeyar mutane a ƙasa.
Mutanen bayan teku sun janye wasiƙarsu.
Tayyib na tura shi kyauta ga mai sayen waƙa biyar.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa.
Nawa na zaga da ni kullum.
Tasalla ba ta tambaya ba tukuna.
Da asuba nakan sauka kogi da garwa biyu,
albasa ba ta san na yi fim ba.