Yumɓun da Ba Ya Zama Tulu

Kakata Kuluwa ta yi suna da ginin tulu a Tawa,
ni kuwa na taso na ce yumɓu ba gadona ba ne.
Na hau motar Yamai da riga ɗaya,
na sami gindin bedi a Bukoki, da bokiti, da soso.
Shekara goma sha ɗaya ina wanke motocin mutane,
yau ga ni da yumɓu a hannu.

Wannan ba na bakin tafki ba ne.
A Katako na saye shi, wajen Zabairu,
ɗan curi kamar sabulun wanka, jikka huɗu,
ya rantse ko dala ba zai rage ba.
Iri uku ya jera bisa kwali:
ja mai kaushi, na motar da ta shekara ba wanka,
shuɗi tsaka-tsaki,
da fari mai laushi kamar cukun da bai bushe ba.
Na ɗauki farin.
Mai laushi in ya gaza, lokaci kawai ya ci,
mai kaushi in ya yi ɓarna, sai an nemo mai fenti.

Baƙar motar Hajiya Rakiyatu ce, mai kantin magani.
Sau biyu muka wanke ta har tana ɗaukar ido,
Ɗan Jimma ya ce an gama.
Na ce, sa hannunka cikin leda ka shafa.
Ya shafa, ya ja tsaki:
ido ya ce sumul, yatsa ya ce dutsen niƙa.
Kwaltar hanyar Doso na nan a manne,
da ƙaron itace, da tsatsar birki,
da saƙon da jemagu suka bari da magariba.

Muka tura ta inuwa, sai da ƙarfe ya huce.
Na murza curin a tafi ya baje kamar waina,
na fesa ruwan sabulu, na ƙara fesawa.
Kakata ba ta taɓa tulu da busasshen hannu,
ban san na riƙe wannan ba sai yau.

Gaba da baya, ba da'ira ba,
ba dannawa, ba gaggawa.
Da fari yana ƙara, shar, shar, yana turjiya,
can sai ya yi shiru ya zame.
Shirun nan shi ne aikin.
Na juya shi, fuskarsa ta yi baƙi ƙirin,
na ninke dattin ciki, na buɗe sabuwar fuska.

Ƙofar baya na ba Ɗan Jimma.
Bai yi nisa ba ya suɓuce masa, tim, cikin rairayi.
Ya ɗauka, ya hure, ya kalle ni.
Na ji jikka biyu na kuka a ƙirjina,
amma na ce, ba zai koma jikin mota ba.
Tsakuwa ɗaya ke fasa tulu cikin wuta,
ƙwayar rairayi ɗaya za ta zana ƙofar nan tun daga sama har ƙasa.
Na gutsuro masa daga nawa.

Da la'asar, bayan mun shafa kaki mun goge,
Hajiya ta sauko daga tasi.
Ta tsaya gaban ƙofar, ta gyara ɗaurin kallabi,
ta biya, ta tafi, ba ta tambayi komai ba.

Curin da ya faɗi na jefa shi aljihu.
Da dare ina sauraron rediyo,
sai na ga yatsuna sun huda shi, sun ja masa wuya,
sun yi masa baki kamar na Kuluwa.
Ba ya gasuwa, ba ya bushewa, ba zai riƙe ruwa ba.
Yana nan bisa taga, ya ɗan karkace.